Fitilar Ƙofa da Mai Jan Ɗankwali

Zuwa ga jikan Yayata, Don-Me,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da wannan aikin naka da ba ya ƙarewa. In ka tambaye ni, alhamdu lillahi, ina nan ina jan jiki. Gwiwar hagu ce ta ƙi ni, ta dama kuma ta fara koyon halinta. Ido sai a hankali. Yanzu sai na yi ta lalube kafin zare ya shiga allura, ni da nake zura shi ina hira. Kada ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Wayar nan da Kawunka ya saya mini, in ka yi magana sai in ji ka kamar daga cikin tulu, ni kuwa ba zan zauna ina ta "iye? iye?" da mijin da ya gudu ya bar ni ba. Takarda ta fi, ita ba ta katsewa.

To, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki biro ba. Ka tuna Mai Jan Ɗankwali, shukar nan da Yaya, kakarka, ta dasa a gefen ƙofa? Duk shekara in sanyi ya shigo sai ganyen samanta ya rine jawur, Yaya ta ce, "Ga 'yata ta ɗaura ɗankwali za ta unguwa." To tun shekarar da Allah Ya yi wa Yaya rasuwa, wadda kai ma a cikinta ka tafi karatu, ba ta ƙara ɗaurawa ba. Ganye kore shar, tsawo har ta wuce taga, amma ja ko ɗigo.

Yanzu ga Kawunka ya sayi mota. Yana son ya malale gaban gidan da siminti ya riƙa shigo da ita, don a titi take kwana, har wani ya fasa mata madubi. Ya ce, "Mama, wannan abin ai gidan sauro ne kawai, a tumɓuke shi." Na ce sai dai ya haɗa da ni ya tumɓuke. Muka yi ta yi. Ɗana ne, ka san shi, ba mugu ba ne, taurin kai ne irin na ubansa. A ƙarshe ya ce ya ji, a ba ta wannan sanyin mai zuwa. In ta yi ja, ya haƙura har abada. In sanyi ya fita ba ta yi ba, zai kawo birkila, ni kuma in ja bakina in yi shiru. Na amsa, don bakina ya riga hankalina.

Ni dai na ce makoki take yi. Amma wane irin makoki ne ba ya ƙarewa? An ce kai yanzu likitan ganye ne, ka cinye shekaru kana leƙen ciyawa a wannan madubin naku mai ƙara wa abu girma. To ga ranar amfaninka ta zo. Kayan sawar Yaya an raba, ɗakinta ya zama na ajiya, ko muryarta wani lokaci sai na yi da gaske nake tunowa. Wannan shukar ce kaɗai abin da hannunta ya taɓa da har yanzu yake shan ruwa. In aka cire ta, ban san me zan share gindinsa da safe ba.

Ka amsa da wuri, kada ka yi mini irin naka.

Kakarka Ƙarama, Tela

* * *

Zuwa ga Kaka Ƙarama, tsohuwa mai ran ƙarfe,

Na gaishe ki, na gai da gwiwar hagu, ta dama kuma a ce mata ta ji tsoron Allah. Ni lafiyata ƙalau, sai mura da ta ɗan taɓa ni ta wuce. Ki gai da Kawu, ki ce na taya shi murnar mota, amma bai kyauta mini ba.

Yaya za a yi in manta Mai Jan Ɗankwali? Ai a gindinta na samo sunana. Na tambayi Kaka Babba don me take ja, ta ce don ta ga dama. Na ce don me ta ga dama, ke kuma kika leƙo ta taga da allura a hannu kika ce in na ƙara cewa "don me" sai kin ɗinke mini baki. Da na karanta takardarki sai na gan mu zaune a dokin ƙofa bayan magariba, cikin duhu, don Kaka Babba ba ta yarda a ƙona wuta a banza. Kuna hirar mutanen da ban sani ba, ni ina tsakiyarku ina gyangyaɗi.

Bari in gaya miki abin da na sani, don ba makoki take yi ba. Kowane ganye da kike gani ƙananan ɗakuna ne jere, ido ba ya ganinsu, mu sel muke ce musu. A cikin kowane sel akwai ƙwayoyin gado, wato umarnin yadda ake yin komai na shukar, daga saiwa har fure, har wannan jan launin. Kowane sel yana da nasa cikakke, na cikin saiwa ma yana ɗauke da umarnin yin ja, bai dai taɓa amfani da shi ba. Kin tuna akwatin nan na ƙarƙashin kekenki, inda kike tara kwalayen da kike ɗora wa yadi ki yanka? Na riga yana nan, na wando yana nan, amma ba kya fito da ko ɗaya sai mai kaya ya zo ya ce ga abin da yake so. To haka sel yake.

Masu kawo masa aiki su ne zafi da sanyi da ƙishi da haske, har ƙwaron da ya ciji ganye. A jikin sel akwai wasu ƙananan sinadarai da muke ce wa furotin, su suke jin waɗannan abubuwa. In saƙo ya zo sai su sauya kama, wannan ya taɓa wancan, har wani ya je ya zauna a kan ƙwayar gadon da ake buƙata ya buɗe ta. Sel ya kwafi umarnin, ya ƙera abin da aka ce. In saƙon ya ɗauke, a mayar a rufe. Saboda haka ɗankwalin bai ɓata ba, Kaka, yana nan a ninke. Ko dai mai kawo aikin ya daina zuwa, ko wani abu yana tare shi a hanya.

Aikina ke nan kullum. Ɗakinmu a ƙasan gini yake, ba taga. Akwatuna ne manya kamar firji, da fitilu a ciki, muna shuka wata 'yar ciyawa wadda ko akuya ba za ta kalla sau biyu ba. In ƙara wa wannan zafi, in hana wancan ruwa, sannan in tsinki ganyen in daka shi a wani ruwa mai sanyin da har hayaƙi yake yi, in duba waɗanne ƙwayoyin gado ne suka farka. Yaron da ya sha duka a hannunku don tsinkar ganye, yau ga shi shi ne sana'arsa.

Amma daga nan ba zan iya ganin naki ba. Ki zama idona. Ki rubuto mini duk abin da ya shafe ta: ruwa, taki, aski, ƙwari, ko an yi sabon gini kusa. Ki kuma faɗa mini abin da kike yi tun daga tashinki har kwanciya, kada ki tsallake komai, ko da kin ga shirme ne.

Zuwa gida kuwa, in na samu sarari.

Mijinki da bai gudu ba, Don-Me

* * *

Don-Me,

Takardarka ta same ni lafiya, sai dai gwiwar dama ba ta ji wa'azinka ba. Allah Ya raba ka da mura. Kana dai cin abinci ko? Don ɗakin da ba taga ban ga yadda mutum zai yi ƙiba a ciki ba.

Na karanta bayanin akwatina har sau biyu, na yi dariya ni kaɗai. Wato akwatin da ka riƙa sace wa kwali kana yin jirgi, shi ne yau ya zama makaranta. Na gane, ba ni da toshewar kai. Tambaya ɗaya ce: telan da ya yi shekara da shekaru bai buɗe akwati ba, ai asu ya gama da kayan. Ka tabbata nata bai cinye ba?

Ga amsarka, ɗan sanda. Ruwa ina ba ta da safe, daidai yadda Yaya take yi, ba na cika mata. Taki daga mai sayar da furanni na bakin kasuwa nake karɓa. In sanyi ya fita in rage mata rassa da tsohon almakashina, farin ruwan nan mai kama da nono ya ɓata mini shi, in yi ta gogewa ina mita. Ƙwari babu. Gini babu wanda aka yi. Shagon mai gyaran takalmi na tsallake ne ya koma na mai gyaran waya, shi ma da la'asar yake rufewa. Layin nan namu yana nan yadda ka bar shi, rana tana faɗuwa sai tsit.

Yinina kuwa ba abin rubutawa ba ne. In yi sallah, in share gindinta, in ba ta ruwa, in buɗe tagar shago. Ɗinki yanzu sai faci da rage tsawo, masu sabon yadi sun koma wurin yara masu keken wuta. Su je, ƙafata ta fi injinsu sanin hanya. Da rana in ɗan kishingiɗa. Da yamma Kawunka ya biyo ya gaishe ni, ya tsaya yana auna gaban gidan da ido, yana zaton ban gani ba. Magariba ta yi, in lulluɓe keken da tsohon zanen Yaya, in kunna fitilar ƙofa, wannan ta saman kan shukar, in sa sakata. In ji rediyo kaɗan, barci ya kwashe ni. Da asuba in kashe fitila, in ɗauki tsintsiya. Shi ke nan, ka ji sirrin duniya.

"In na samu sarari." Wannan maganar tun gashina da sauran baƙi nake jin ta.

Kakarka Tela

* * *

Kaka,

Ina gaisuwa, ina lafiya. A tsaye nake rubutu, ɗaya daga akwatunan shukarmu ya lalace, muna ta kwashe kaya.

Na gano! Fitilar ƙofa ce. Zamanin Kaka Babba babu ita. Ki kashe ta daga yau, kada ki ƙara kunnawa ko na ɗan lokaci. Gara ma a cire ƙwan gaba ɗaya. Ai ba ta da wani amfani, ba wanda zai zo gidan nan da dare.

Cikakken bayani yana tafe.

Don-Me

* * *

Kaka Ƙarama,

Ina fatan kina lafiya. Na ce ina fata, don makonni ke nan kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu, ba komai sai takardun talla. Na kira Kawu, ya ce lafiyarki lau, kina cin abinci, amma kin ce ba ki da abin faɗa mini. Ya kuma ce fitila tana nan tana ci. Kaka, ko ba ki yarda da ni ba ne? Bari in yi bayanin da na yi alkawari.

Mun ɗauka sanyi ne yake sa ta ja. Ba sanyi ba ne, tsawon dare ne, sun dai saba zuwa tare. A cikin ganyenta akwai wani furotin da haske yake juyawa. In rana ta faɗi sai ya fara komawa yadda yake a hankali, da haka ganyen yake auna duhu. In daren ya yi tsawo bai katse ba, sai wata ƙwayar gado da take rufe duk shekara ta buɗe. Ita ce take yin wani ɗan saƙo da yake bin jijiyar ganye har kan reshe, can kuma ya buɗe na fure da na jan launi. Ba dare ɗaya ba, sai an jera makonni a haka. Amma in haske ya faɗo mata a tsakiya, ko na ƙwan lantarki ɗaya ne, furotin ɗin ya sake juyawa, awon ya rushe. A wurin ganyen nan, tun shekarar da aka sa fitilar, dogon dare bai ƙara zuwa duniya ba. Jira kawai take yi.

Kin tambaye ni asu. Bai ci ba. Duk sabon ganyen da ta fitar, da sabon kwafi yake fitowa.

Abin da yake damuna lokaci ne. Dare ya riga ya fara tsawo. In ba a fara yanzu ba, sanyi zai fita kafin ta gama shiri, Kawu kuma ya kawo birkilansa. Makunni ɗaya ne fa tsakaninta da tumɓukewa. Don Allah ki ce mini wani abu, ko zagi ne.

Don-Me

* * *

Kai yaro,

Ina lafiya, tunda ka tambaya. Zagi ka nema, to ba zan zage ka ba, amma ka zauna ka ji.

Ka san don me aka sa fitilar nan, kai sarkin don me? Ka tambaye ni ruwa, ka tambaye ni taki, wannan ɗaya ba ka tambaya ba. Kana ƙarami ba ka iya tsallake dokin ƙofar nan da duhu sai ka riƙe bakin zanena. Ranar da ka gwada kai kaɗai ka yi tuntuɓe a matakalar da ta gutsure, haɓarka ta fashe, ni na riƙe ka a asibiti kana ihu ana ɗinki, ina ce wa likita ya matsa ɗinkin ba kyau. Shafa haɓarka ka ji.

Ranar da za ka tafi, Yaya ko wata huɗu ba ta yi a ƙasa ba. A tasha ka leƙo ta tagar mota ka ce, "Kaka, ba zan daɗe ba, wata rana sai dai ki ji ana ƙwanƙwasa ƙofa da dare." Kai ka faɗa ka manta. Ni na dawo gida na tarar ba Yaya, ba kai, ƙofa baƙi ƙirin. A makon nan na kira mai gyaran wuta. Na ce yaron nan ba zai dawo ya tarar da ƙofar kakarsa a duhu ba. Tun daga ranar ban taɓa fashi ba, ko zazzaɓi nake yi sai na rarrafa na kunna.

Sai ga takardarka, da hannunka, wai ba ta da amfani, ba wanda zai zo gidan nan da dare. Na karanta har takardar ta yi laushi. Na ji ciwo, Don-Me, ciwon da ban ji irinsa ba tun rasuwar Yaya. In ba za ka dawo ba, ka faɗa mini sak, ba sai ka bi ta kan ƙwan lantarki ba. Ni ba yarinya ba ce.

Bayaninka na biyu ya zo, na kuma gane shi, shi ne ma ya ƙara dagula ni. Ashe ni ce. Ni da nake share gindinta ina tambayarta me aka yi mata, ni nake hana ta ɗaura ɗankwali da yatsana duk magariba. Yanzu ka ce in zaɓa: in kunna in rasa ta Yaya, ko in kashe in yarda cewa kai ba mai zuwa ba ne. Wannan wane irin ilimi ne?

Buhunan siminti sun iso, suna nan jingine a soro.

Tela

* * *

Kakata,

Na gaishe ki gaisuwar mai laifi. Jikina lafiya, zuciya ce ba daɗi. A ɗakin aiki na buɗe takardarki, sai da na fita bayan gini, don kada abokan aiki su ga ƙato yana share ido. Na shafa haɓar, tabon yana nan, kuma gaskiyarki, ɗinkin ba kyau.

Wallahi baƙi nake nufi, masu kawo faci da maƙwabta. Ban san tawa ce ba. Na ga amsa ta faɗo mini a hannu, murna ta ɗebe ni, na rubuta miki kamar ina barin saƙo ga abokin aiki. Ki yafe mini.

Ba sai kin zaɓa ba. Ke fa tela ce. Ki sami baƙin yadi mai kauri, ki ninka biyu, ki ɗinka mata riga har ƙasa. Da magariba a zura mata, da safe a cire. Fitila ta ci abinta, ita kuma ta samu darenta. Mu ma haka muke yi a nan in akwati ya lalace. Kuma in ta gama rinewa sosai, haske ba zai ƙwace ba, sai ki ajiye rigar.

Amma bari in faɗa miki gaskiya. In na tuna gida, ba na ganin fitila, don ban taɓa ganin ƙofar nan da ita ba. Duhun nake gani. Kaka Babba a dama, ke a hagu, ƙamshin man keke a zanenki, ana kiran sunan wani da ya mutu tun kafin a haife ni kuna dariya. Nan garin ko'ina fitila ce har gari ya waye, ban kuma taɓa jin na isa gida ba.

Zan zo. Ina neman wanda zai riƙe mini ciyawata, don ita ma kamar jinjiri take, ba a barinta. Ki fara yau, Kaka, don Allah.

Naki, Don-Me

* * *

Maigidana Don-Me,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yafe, tun kafin takardarka ta iso na yafe, na dai bar ka ka ɗan dahu. Gwiwoyi suna nan, yanzu sun haɗa kai. Na daɗe ban rubuto ba don na rantse ba zan ɗauki biro ba sai ina da abin faɗa.

Rigarka na ɗinka, yadi mai kyau, har da maɓalli. Abin da ka manta, likita, shi ne 'yar Yaya ta fi ni tsawo nesa. Na hau kujera da sanda ina ƙoƙarin zura mata, reshe ɗaya ya karye, farin ruwa yana ɗiga. Sai ga Kawunka. Ya ga uwarsa a kan kujera tana rawa da gwiwa ɗaya, ya yi ta faɗa har mai gyaran waya ya leƙo. Na sauko, na ninke rigar na sa a akwati.

Da magariba ta yi na je wurin makunni kamar kullum. Na ɗora yatsa, na daɗe a tsaye. Sannan na sauke hannuna.

Ba zan ɓoye maka ba, kwanakin farko sun yi mini wuya. Sai in ji kamar na rufe maka ƙofa. Da na ga zaman ɗaki ba zai yi ba, sai na fito da 'yar kujerata dokin ƙofa na zauna a duhun, yadda muke yi da. Ka san abin mamaki? Muryar Yaya da nake ta nema, a nan na same ta. Har yadda take jan tsaki in an bar wuta a kunne. Wata magariba Kawunka ya shigo ya yi karo da buhun simintinsa, ya ƙundumo ashar, na ce Allah Ya ƙara. Ya zauna a ƙasa kusa da ni yana murza ƙafa, sai ga mu muna hirar Yaya, Innarsa, har aka kira isha'i. Yanzu kusan kullum sai ya zauna.

Makonni suka wuce, kore dai kore. Na zagi ilimin naka, na zagi ciyawarka, na ce an cuce ni an raba ni da fitilata a banza. Ran nan da safe ina shara, na ɗaga kai don in miƙe baya, sai na ga 'yan ƙananan ganye a can ƙoli, bakinsu ja, kamar jan zare ya leƙo daga ɗinki. Na ce idona ne. Na ɗauko tabarau. Don-Me, tsintsiyar faɗuwa ta yi. Na zauna a matakala na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Yau in ka gan ta! Kowane reshe da nasa, jawur, masu wucewa suna tsayawa. Kawunka ya zo ya tsaya a gabanta yana kallonta, can ya ce, "Inna za ta unguwa." Bai ƙara zancen birkila ba. Motar a gidan mai na bakin titi take kwana yanzu, simintin kuma na sa an gyara matakalar da ta fasa maka haɓa, sauran ya kwashe abinsa.

Ga ganye ɗaya na sa maka a cikin takardar nan. Na san kafin ya iso zai yi baƙi, ka kai shi madubinka ka gaishe da su sel, ka ce tela ta gode. In kana son ganin ja na gaske, ka san inda yake, kuma ka fi ni sanin cewa in sanyi ya fita za ta kwance abinta.

Ka ce in ta gama rinewa ina iya kunna fitila. Na ji, amma ba zan kunna ba. Jiya na sa Kawunka ya cire ƙwan, na naɗe shi a ƙyalle na ajiye. In ka iso da dare, ka lalubo, ƙofar ba ta matsa ba, ni kuma ina zaune a bakinta. Shekara da shekaru ina kunna maka fitila ba ta kawo ka ba. Bari mu ga ko duhu zai kawo ka.

Kakarka Ƙarama, Tela